Bayani kan gashin tsokokin ƙasan ƙugu

Ƙiyasin masana kiwon lafiya ya nuna cewa kusan mace ɗaya cikin uku na fama da kuɓucewar fitsari bayan haihuwa, yayin da har mace ɗaya cikin goma kan kasa riƙe bayan gida yadda ya kamata.

Da yawa daga cikin matan ba sa faɗa wa kowa, har da mazajensu. Wasu na ɗaukar lamarin a matsayin abin da haihuwa ko tsufa ke zuwa da shi dole, don haka sai su ƙara ƙunzugu, su rage shan ruwa, su kuma daina zuwa biki ko yin doguwar tafiya a mota.

To amma a mafi yawan lokuta matsalar ta tsoka ce, kuma tsoka aba ce da ake iya horarwa. Wannan ne ya sa a ƙasashe irin su Birtaniya, ƙa'idar asibiti ita ce a fara da horar da tsokokin kafin a yi maganar tiyata.

A asibitocin arewacin Najeriya dai an fi sanin wannan sashe da sunan sashen gashin ƙashi, wasu kuma su ce fisiyo, inda ake kai waɗanda suka yi karaya ko suka samu shanyewar ɓarin jiki. Ba kowa ya san cewa akwai reshensa da ke kula da tsokokin ƙasan ƙugu ba, ko da yake a wannan reshe babu ƙashin da ake gasawa. Kusan dukkan aikin na koyarwa ne da atisaye.

Mene ne ƙasan ƙugu?

Ƙashin ƙugu kamar kwando yake wanda ba shi da gindi. Abin da ya toshe gindin shi ne wata shimfiɗa ta tsokoki da jijiyoyi, wadda ta tashi daga ƙashin mara ta gaba zuwa ƙarshen ƙashin baya.

A kan wannan shimfiɗa mafitsara take zaune, da ƙarshen hanji, da kuma mahaifa idan mace ce. Hanyar fitsari da dubura, da kuma farji a jikin mace, duk ta cikinta suka ratsa.

Mafi girma daga cikin tsokokin su ne waɗanda likitoci ke kira levator ani, wato kalmomin Latin masu nufin mai ɗaga dubura.

Ba kamar tsokar hannu ba, wadda ke hutawa idan an ajiye kaya, waɗannan tsokoki na kan aiki ko da mutum yana barci. Idan ya yi tari ko atishawa, sukan ƙara matsewa da kansu cikin ƙiftawar ido domin kada fitsari ya kuɓuce. Idan kuma lokacin biyan buƙata ya yi, wajibi ne su saki jiki su ba da hanya.

Saboda haka matsalar na iya zuwa ta fuska biyu: ko dai tsokar ta yi rauni ta kasa matsewa, ko kuma ta ɗaure ta kasa saki. Maganin ɗaya na iya zama illa ga ɗayar.

Abin da ke raunana tsokokin

Babban dalili shi ne ciki da haihuwa. Wani nazari da masana a Jami'ar Michigan ta Amurka suka wallafa a 2004, bayan sun kwaikwayi haihuwa a kwamfuta, ya nuna cewa wani sashe na tsokar kan miƙe fiye da ninki uku na tsawonsa a lokacin da kan jariri ke fitowa. A sauran sassan jiki tsoka na yagewa tun kafin ta kai haka.

Haɗarin na ƙaruwa idan naƙuda ta yi tsawo, ko jariri ya yi girma, ko an yi amfani da ƙarfen jawo jariri, ko kuma ƙarin da mace ta samu ya kai ga dubura. Haihuwa ta hanyar tiyata na rage haɗarin, sai dai ba ta kawar da shi baki ɗaya, domin nauyin cikin kansa na watanni tara yana barin tasirinsa.

Yawan haihuwa ma na da nasa. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa a matsakaicin lissafi mace a yankin arewa maso yamma na haihuwar 'ya'ya 6.6 a rayuwarta, idan aka kwatanta da 5.3 a ƙasar baki ɗaya a wancan lokaci.

Baya ga haihuwa akwai duk wani abu da ke danna ciki ƙasa na tsawon shekaru: ɗaukar kaya masu nauyi kamar ruwa da itace, da tari mai daɗewa, da yawan yunƙuri saboda taurin bayan gida, da kuma ƙiba. Bayan mace ta daina haila kuma, raguwar sinadarin istirojin kan sa naman wajen ya rage ƙarfi, shi ya sa wasu matan ba sa ganin alamar komai sai shekaru ashirin ko talatin bayan haihuwarsu ta ƙarshe.

Wani bincike da aka yi a karkarar Gambiya, aka kuma wallafa a 2002, ya duba mata sama da 1,000, inda ya tarar kashi 46 cikin 100 na da wani mataki na zazzagowar mahaifa ko bangon farji, kuma kashi 14 cikin 100 lamarin nasu ya kai na tiyata.

Alamomin matsalar

Nau'in da aka fi gani shi ne ɗigar fitsari lokacin tari, ko atishawa, ko dariya, ko ɗaga tulu, ba tare da mutum ya ji fitsarin ya matsa shi ba. Wannan shi ne nau'in da atisaye ya fi yi wa magani.

Nau'i na biyu shi ne wanda fitsari ke taso wa mutum da ƙarfi farat ɗaya, har ya zuba kafin ya kai makewayi. A nan mafitsara ce ke matsewa ba a kan lokaci ba. Mata da yawa na da duka biyun a haɗe.

Sai kuma zazzagowar mahaifa, ko mafitsara, ko ƙarshen hanji zuwa cikin farji. Mace kan ji nauyi a ƙasa, ko ta ji kamar wani abu na shirin fitowa, musamman da yamma bayan ta wuni a tsaye, sannan ya lafa idan ta kwanta.

Akwai kuma kasa riƙe iska ko bayan gida, da ciwon mara mai daɗewa, da jin zafi lokacin saduwa. Irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe sau da yawa akan lulluɓe su da sunan ciwon sanyi ko basir, a yi ta shan magani wata da watanni ba tare da an taɓa duba tsokar ba.

Bambancinsa da yoyon fitsari

Abu na farko da ya kamata a tantance, musamman a arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar, shi ne ko matsalar yoyon fitsari ce, domin mutane kan haɗa su wuri guda alhali ba ɗaya ba ne.

Yoyon fitsari huji ne da ke samuwa tsakanin mafitsara da farji, galibi bayan doguwar naƙuda, inda kan jariri ke danne naman wajen har ya mutu. Fitsarin na zuba ne dare da rana ba tsayawa, ko mace na tsaye ko tana kwance. Babu atisayen da zai toshe huji. Wannan aikin likitan tiyata ne, a cibiyoyi irin su asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holand, Dakta Kees Waaldijk, ya fara irin wannan aiki a shekarun 1980, ko cibiyar Laure da ke asibitin Murtala Muhammad a Kano, ko kuma ta Danja da ke kusa da Maraɗi.

Saurin zuwa asibiti na da muhimmanci, domin ƙaramin huji sabo na iya warkewa idan aka sanya robar fitsari da wuri na wasu makonni.

Sai dai likitan gashi na da rawar da yake takawa ko a nan ma. Wasu matan kan ci gaba da ɗigar fitsari bayan an ɗinke hujin, saboda hanyar fitsarin ta lalace ko mafitsarar ta ƙanƙance. Wasu kuma naƙudar kan danne musu jijiyar ƙafa, har su riƙa jan ƙafar idan suna tafiya. Asibitin yoyon fitsari na Addis Ababa, wanda Catherine Hamlin da mijinta Reginald suka buɗe a 1974, na daga cikin waɗanda ke da sashen gashi domin irin waɗannan mata.

Tarihin wannan magani

A 1936 wata 'yar Birtaniya mai suna Margaret Morris, wadda ta fara a matsayin ƙwararriyar mai rawa kafin ta karanci aikin gashi, ta wallafa littafi kan motsa jiki ga masu ciki da masu jego, inda ta yi bayanin matse tsokokin ƙasan ƙugu da sakinsu.

Amma sunan da ya bi atisayen shi ne na Arnold Kegel, wani likitan mata a birnin Los Angeles na Amurka, wanda ya wallafa sakamakon aikinsa a 1948. Abin da akan manta shi ne, Dakta Kegel bai taɓa sallamar mace da umurnin baki kawai ba. Yakan duba ta, ya tabbatar ta gano tsokar, ya kuma ba ta wata na'ura da ya ƙirƙira mai nuna ƙarfin matsewar a kan ma'auni, sannan ta riƙa dawowa yana bin ci gabanta.

Faransa na cikin ƙasashen da suka ɗauki lamarin da muhimmanci. Tun 1985 inshorar lafiya ta gwamnati ke biyan kuɗin gashin ƙasan ƙugu ga matan da suka haihu, galibi zama goma, a wajen ungozoma ko likitan gashi.

Yadda ake yi

Zaman farko akasarinsa tambayoyi ne: haihuwa nawa aka yi, yaya ta kasance, yaushe fitsarin ke zuba, me ake sha, yaya bayan gida yake. Akan buƙaci mai jinya ya rubuta na tsawon aƙalla kwana uku duk abin da ya sha da duk lokacin da ya yi fitsari. Akan kuma gwada fitsarin domin a tabbatar babu ƙwayoyin cuta ko alamar ciwon sukari.

Daga nan sai dubawa. Bisa amincewar mai jinya, likitar kan sa safar hannu ta taɓa tsokar ta ciki da yatsa, ta ce a matse, domin ta ji ko matsewar na tafiya daidai da kuma ƙarfinta. Mai jinya na da 'yancin ƙin wannan mataki, ko neman mace ta duba ta, ko shiga da 'yar rakiya.

Dalilin nacewa kan dubawar shi ne, mutane da yawa ba sa gano tsokar da bayanin baki. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1991, an yi wa mata 47 gajeren bayani aka ce su matse. Kimanin rabinsu ne kawai suka yi daidai, yayin da kashi ɗaya cikin huɗu suka yi yunƙuri ƙasa maimakon su ja sama, wato abin da zai iya ƙara musu matsalar.

Shi atisayen kansa ba shi da wuyar bayani. Mutum zai matse dubura kamar yana hana iska fita, ya haɗa da gaba kamar yana tsayar da fitsari, sannan ya ja su ciki zuwa sama. Ba a riƙe numfashi, ba a matse cinyoyi ko mazaunai, ba a kuma ƙanƙame ciki. Wanda ke zaune kusa bai kamata ya gane ana yin komai ba.

Akan fara da riƙewa na daƙiƙa biyu ko uku, gwargwadon ƙarfin mutum, a riƙa ƙarawa har a kai daƙiƙa goma. Bayan kowace matsewa sai a saki gaba ɗaya na tsawon lokacin da aka riƙe, domin sakin ma wani ɓangare ne na horon. Akan biyo baya da matsewa masu sauri. Mai rauni sosai kan fara a kwance, daga baya ta koma zaune, sannan a tsaye, tunda a tsaye ne fitsarin ya fi kuɓucewa.

Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawara tun 2006 cewa a yi aƙalla matsewa takwas, sau uku a rana, na tsawon aƙalla wata uku ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Ga masu zazzagowar mahaifa da ba ta yi tsanani ba, ƙa'idar hukumar ta 2019 ta ce aƙalla mako 16.

A nan ne dai mutane da yawa ke karaya. Tsoka ba ta ginuwa cikin mako guda, kuma wanda ya yi kwana goma bai ga canji ba yakan ce abin ba ya aiki.

Akwai wata dabara guda da ke ba da sakamako da wuri, wato matse tsokar da gangan daf da yin tari ko atishawa ko ɗaga kaya, a riƙe har a gama. Masana a Jami'ar Michigan sun nuna a 1998 cewa tsofaffin matan da aka koya wa wannan sun rage zubar fitsari lokacin tari sosai cikin mako ɗaya kacal.

Likitoci na gargaɗin kada a mai da tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa ya zama atisaye, domin hakan na iya hana mafitsara juye abin da ke cikinta duka.

Ga masu fitsarin gaggawa kuwa, akan ƙara da horar da mafitsara na aƙalla mako shida. Mutum zai riƙa jinkirta zuwa makewayi da 'yan mintoci, yana ƙarawa sannu a hankali, yana kuma amfani da matsewar wajen kwantar da matsuwar. Akan shawarce shi ya gwada rage shayi da gahawa da lemon kwalba mai sinadarin kafin, wanda akwai shi a goro ma. Rage shan ruwa kuwa, wanda shi ne abin da mata suka fi yi, yakan sa fitsari ya yi kauri ya ƙara tsokanar mafitsara, ya kuma jawo taurin bayan gida, ban da haɗarinsa a lokacin zafi.

Wanda ya kasa motsa tsokar kwata-kwata akan taimaka masa da na'urar da ke zaburar da ita da ƙaramin lantarki. Akwai kuma na'urar da ke nuna motsin tsokar a allo, jikanyar wadda Kegel ya ƙirƙira.

Shin yana aiki?

Ga ɗigar fitsari lokacin tari, shaidar na da ƙarfi. A 2018 cibiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje 31 da suka ƙunshi mata 1,817. A cikin masu wannan nau'in, kashi 56 cikin 100 na waɗanda suka yi atisayen sun ce sun warke, idan aka kwatanta da kashi 6 cikin 100 na waɗanda ba su yi ba.

Wani nazarin na cibiyar na 2020 ya nuna cewa matan da suka fara atisayen tun suna da ciki, kafin matsalar ta same su, sun rage haɗarin kamuwa da ita da kashi 62 cikin 100 a ƙarshen ciki, da kuma kashi 29 cikin 100 a watanni uku zuwa shida bayan haihuwa.

Game da zazzagowar mahaifa, wani gwaji da ya ƙunshi mata 447 a Birtaniya da Ostireliya da New Zealand, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2014, ya nuna cewa atisayen na rage alamomin. Sai dai mahaifar da ta riga ta fito waje ba za ta koma da atisaye ba. Irin wannan na buƙatar zoben roba da ake sanyawa domin tallafe ta, ko kuma tiyata.

Na'urori masu tsada ba lallai ne su ƙara komai ba. Wani gwaji a kan mata 600 a Birtaniya, da aka wallafa a 2020, ya tarar cewa bayan shekara biyu babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin waɗanda suka yi amfani da na'urar nuna motsin tsoka da waɗanda likitan gashi ya koya musu ba tare da ita ba. Wannan labari ne mai daɗi ga asibitocin da ba su da kayan aiki.

Rage ƙiba ma na taimakawa. A wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2009, matan da suka rage kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsu sun ga zubar fitsarinsu ta ragu da kusan rabi.

Duk da haka gashi na da iyakarsa. A Holand, wani gwaji na 2013 a kan mata 460 waɗanda matsalar tasu ta yi nisa ya nuna cewa kusan rabin waɗanda aka fara musu da gashi sun koma neman tiyata cikin shekara guda, kuma tiyatar ta fi ba da sakamako. Amma ita ma tiyatar ba ta rasa nata haɗari. A 2018 Ingila ta dakatar da sanya ragar roba a farji domin maganin ɗigar fitsari, bayan ƙorafin mata masu yawa da ragar ta bar su da ciwo mai tsanani. A 2019 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da irin ragar da ake sanyawa ta farji domin zazzagowar mahaifa.

Haka kuma ƙarfin da aka samu na raguwa idan aka yi watsi da atisayen, kamar dai yadda yake ga kowace tsoka.

Idan tsokar ta ɗaure

Ba kowane mai matsalar ƙasan ƙugu ne ke buƙatar ƙarin ƙarfi ba. A jikin wasu tsokar a ƙanƙame take koyaushe, abin da ke jawo ciwon mara, da wahalar fara fitsari, da zafi lokacin saduwa. Akwai amaren da tsokar bakin farjinsu ke rufewa da kanta ba da son ransu ba, har saduwa ta gagara. Idan aka ba irin waɗannan atisayen Kegel, ciwon na iya ƙaruwa.

Abin da ake koya musu shi ne saki: numfashi mai zurfi daga ciki, da miƙe tsokokin ƙugu, da tausar wuraren da suka ɗaure, da kuma amfani da wasu sanduna masu santsi, daga ƙarami zuwa babba, waɗanda mace ke sanyawa da kanta a hankali. Sau da yawa akan haɗa da tattaunawa da ma'auratan biyu, domin tsoro na daga cikin abin da ke ɗaure tsokar.

Zafin saduwa na cikin dalilan da a al'adance ake yi wa mata yankan gishiri a ƙasar Hausa. Wani bincike da aka wallafa a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya danganta kashi 13 cikin 100 na cutar da wannan yanka.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai kasuwar magungunan matsi, waɗanda mata ke saya bayan haihuwa. Abin da ake cusawa a farji na iya busar da fatar wajen ko ya ƙona ta, amma ba ya kai wa ga tsokar da ke ƙarƙashi, balle ya ƙara mata ƙarfi.

Akwai kuma masu taurin bayan gida waɗanda matsalarsu ita ce suna matse dubura a daidai lokacin da suke yunƙuri, ba tare da sun sani ba. A nan na'urar nuna motsin tsoka ta tabbatar da amfaninta. Tsugunno na taimakawa wajen miƙe hanyar, shi ya sa akan shawarci masu masai na zama su ɗora ƙafafunsu a kan 'yar kujera.

Maza ma na da ƙasan ƙugu

Maza kan gamu da ɗigar fitsari musamman bayan tiyatar furostet, wato halittar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Akan koya musu atisayen, ko da yake shaidar a nan ba ta kai ta mata ƙarfi ba. Wani babban gwaji a Birtaniya da aka wallafa a 2011 bai ga ƙarin amfani ba, bayan shekara guda, ga mazan da aka yi wa horo na musamman a kan waɗanda aka ba shawarar da aka saba.

Wani ƙorafin da maza kan yi shi ne ɗigon da ke fitowa bayan an gama fitsari an tashi. Fitsari ne da ya maƙale a lanƙwasar hanyar, kuma akan magance shi ta hanyar dannawa da yatsa daga bayan maraina zuwa gaba, tare da matse tsokar sau biyu ko uku kafin a yi tsarki.

Batun tsarki da kunya

Ga Musulmi matsalar na da wani nauyi na daban, domin ta shafi alwala da tsarkin tufafi, kuma ruku'u da sujada na danna ciki. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin lamarin, wanda suke kira salasul bauli. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda aka rubuta a ƙarni na 10 ake kuma karantawa a makarantun zaure, ya ambace shi, kuma malaman Malikiyya sun yi sassauci ga wanda ɗigar ta lazimce shi a mafi yawan lokaci.

Wani bincike da aka wallafa a 2006 kan mata 'yan asalin Maroko da Turkiyya mazauna Holand ya nuna cewa abin da ya fi damunsu game da matsalar shi ne yadda take shafar ibadarsu, kuma sun fi son likita mace.

A Najeriya aikin gashi ya fara ne a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, kuma Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966. Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Maiduguri na cikin masu horar da ma'aikatan a arewa. Sai dai akasarin ƙwararrun na manyan asibitocin birane ne, kamar asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma ba dukkansu ne suka karanci reshen lafiyar mata ba. Ga matar karkara, ungozoma ko ma'aikaciyar jinya a wajen awon ciki ce ta fi kusa, kuma wadda aka horar na iya koyar da atisayen.

Alamomin da ba na likitan gashi ba ne

Akwai alamomin da ke buƙatar ganin likita kai tsaye kafin a yi maganar atisaye. Sun haɗa da jini a cikin fitsari ko bayan gida, da zubar jini bayan mace ta daina haila, da zafin fitsari tare da zazzaɓi, da kuma fitsarin da ke zuba ba tsayawa bayan haihuwa ko bayan tiyata.

Wanda kuma ya kasa yin fitsari kwata-kwata, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa da mazaunansa sun mutu tare da ciwon baya mai sauka ƙafafu, likitoci na ɗaukar lamarinsa a matsayin na gaggawa, domin yana iya zama alamar an danne jijiyoyin ƙarshen laka, wanda ke buƙatar a duba cikin sa'o'i.